Jaririna na kuka, uwar mijina ta ce ƙishirwa ce

TAMBAYA

  Gwaggo, ni ƴar shekara 19 ce, ina aure a unguwar Garin Malam cikin Damagaram. Allah ya ba ni ɗan fari, namiji, yau kwanansa 68 a duniya. A likita na haihu, na yi wankan jego a gidanmu a Mirya, bayan arba'in aka maido ni ɗakina.

Tun da na dawo ban samu kwanciyar hankali ba. Unguwarzomar da ta karɓi haihuwata ta ja mini kunne cewa kada in ba shi komai sai nono har wata shida. To ga bazara ta shigo, kin san zafin garin nan. Inna, uwar mijina, ta ce ba ta taɓa ganin rai a cikin wannan zafi ba tare da shan ruwa ba, ko kaza ana ajiye mata kasko. Kullum bayan wanka sai ta ɗura masa ruwa da bauri. In na yi magana ta ce ƴaƴa tara ta haifa, da haka ta rene su, har da wanda nake aure.

Yaron yana kuka sosai daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i, ya kama nono ya saki, ya kama ya saki. Da dare kuma sau uku ko huɗu yake tashi. Inna ta ce nonona tsinkakke ne, ba ya riƙe shi, a fara ba shi kunu. Yana yawan tumbuɗi, ta ce don ba a cire masa hakin wuya ranar suna ba ne, saboda maigidana ya hana. Yanzu tana son a kira wanzami. Wata maƙwabciya kuma ta kawo mini wani maganin ruwa da ta ce yana sa yara barci, ban ba shi ba tukuna.

Ɗan faccalata da kwana goma kawai ya girmi nawa, amma ya fi shi ƙiba nesa, har an fara zaunar da shi. Nawa da aka haife shi kilo 2 da giram 900 ne, ranar allurar mako shida aka ce kilo 4 da giram 200. Yana murmushi, yana bin mutum da ido, amma wuyansa bai tsaya sosai ba.

Gwaggo, ba na son in yi wa Inna rashin kunya, ita ce ke riƙe mini shi in yi aiki. Kuma ɗan fari ne, ko ɗaukarsa a gabanta nauyi nake ji. Wani lokaci in yana kuka ni ma sai in shiga ɗaki in yi nawa. Ki gaya mini gaskiya: nonona ne ba shi da kyau?

Maijego, Garin Malam, Damagaram

AMSA

 Barka da arziki ƴata, Allah ya raya, ya sa mai jin ƙanku ne.

Nononki lafiyarsa lau, kuma ke da kanki kika rubuto shaidar. Yaron da ya zo duniya da kilo 2 da giram 900, ya kai kilo 4 da giram 200 cikin mako shida, ya ƙara kilo ɗaya da giram 300 ke nan. Mu a wurin awo, in jariri ya ƙara ƙasa da rabin kilo a wata muke fara damuwa. Naki ya wuce wannan da nisa. Ruwa ba ya sa tsoka, bauri ba ya sa ƙashi. Duk abin da ya hau jikin yaron nan daga ƙirjinki ya fito. Ki riƙe wannan lissafi da kyau, domin shi ne zai tsaya miki a duk maganar da za ta biyo baya.

Batun ruwa shi ne babba, kuma ba zan raina tunanin Inna ba. Wanda ya san Afrilu da Mayu a Damagaram, lokacin da zafi ke haura maki 40, duwatsun Birni suna huci har bayan magariba, ba zai yi mamakin tsohuwar da ta ga jikanta na gumi ta miƙa hannu ga moɗa ba. Tausayi ne. Abin da ba a gani da ido shi ne ruwan yana cikin nonon. Kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Kuma Allah ya tsara shi da hikima: wanda ke fara zubowa in yaro ya kama, tsararo ne, mai kashe ƙishirwa, wanda ke biyowa daga baya shi ne mai maiƙo, mai riƙe ciki. Wannan na farkon ne mata ke tatsa a tafin hannu su ga kamar ruwan tsari, su yanke hukunci cewa nono ya tsinke. Da sun jira yaro ya sha na ɗan lokaci suka sake tatsawa, da sun ga fari mai kauri. Saboda haka a kwanakin zafi za ki ga yana neman nono akai-akai, ya ɗan tsotsa ya saki. Shan ruwansa ke nan. Ki ba shi duk lokacin da ya nema, ko sau goma sha biyu ne a yini da dare, kuma ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ga ɗayan, don ya kai ga mai maiƙon.

Ba da ka aka faɗi wannan ba. A Indiya da Pakistan, inda zafi ke kai namu, an bi jariran da nono zalla suke sha a tsakiyar bazara, ana auna fitsarinsu, aka tarar ba su da ƙarancin ruwa a jiki. Ke ma kina da irin wannan awon a ɗakinki ba tare da na'ura ba. In yana jiƙa tsummansa sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin kuma fari ne ba ja mai wari ba, to ya ƙoshi da ruwa.

Yanzu ki duba ruwan da ake ɗura masa. Garin nan namu tun fil azal yana fama da ruwa; ƙarancinsa na cikin dalilan da ake ambatawa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau in bazara ta yi tsanani, famfo ya ɗauke, a hannun ƴan ga-ruwa muke saye. Ki bi ruwan nan da ido: daga famfo ko rijiya zuwa bido, daga bido zuwa randa, daga randa zuwa moɗar da kowa a gidan ke tsomawa, yaro da babba, daga moɗa zuwa tafin hannu, sannan bakin jariri mai wata biyu. Cikin babba ya saba, ya yi ƙarfi. Hanjin jariri sabo ne fil. Shekarun da na yi ina aiki a ɗakin haihuwa da wurin awon yara, na ga abin sau da yawa har na haddace shi: a ba yaro ruwa don zafi, ya kama zawo, zawon ya tsotse ruwan jikinsa, maɗiga ta faɗa, a ce ciwon kai ne a shafa masa magani a ka, a iso likita a makare. Ruwan da aka ba shi don kada ya bushe, shi ne ya busar da shi. Ni kaina ɗiyata ta fari da ruwa aka rene ta, don a lokacin ko mu ma'aikata ba a koya mana akasin haka ba, kuma ban manta dararen da na yi zaune da ita tana zawo ba.

Ko da ruwan tsabtatacce ne, akwai wata ɓarna ta biyu. Cikin jariri ɗan ƙarami ne. Duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare gurbin cokalin nono. Yaro ya rage tsotso, nono kuma da tsotso yake zuwa, kamar rijiya ce da in ana ja take ƙara tsattsafowa. In tsotso ya ragu nono ya ragu, sai a ce ai ga shi nan, mun faɗa nononta ba ya isa, a kawo kunu. Da haka yara da yawa suke gangarawa zuwa tamowa kafin su shekara. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 23 cikin ɗari ne kawai na jarirai ƴan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, alhali kusan kowace uwa a ƙasar nan tana shayarwa. Ba nono muka rasa ba. Ruwa ne ke shiga tsakani, shi ya sa a 2019 hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka ƙaddamar da gangami a Abijan don ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka, kan wannan magana guda ta hana jarirai ruwa kafin wata shida.

To ruwan bazara wa zai sha? Ke. Ki ajiye kofi kusa da inda kike zama ki ba da nono, duk zaman da kika yi ki sha. Ki sha fura, ki sha kunun gyaɗa, ki ci wake da zogale da abin da ya samu na nama ko hanta. Haka ma bauri da rubutu. Ban hana a nema wa yaro tsari ba, ni ma ina nema wa jikokina. A tofa masa addu'a, a shafa masa a jiki, in na sha ne ke ki sha. Ki sa maigidanki ya tambayi malamin da ya yarda da shi, zai ji cewa ba a shar'anta sai jariri ya haɗiya ba. Zuma kuwa kada ta taɓa bakinsa sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shanye jikin jariri, ko da babba ya sha bai ji komai ba.

Kukan yamma da kika kwatanta na san shi sarai, kuma ba yunwa ba ce. Jarirai a ko'ina cikin duniya, masu shan nono da masu shan madarar gwangwani, kukansu yana ƙaruwa daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako shida zuwa takwas, yawanci da yamma, sannan ya lafa a wata na uku zuwa na huɗu. Kina gab da fita daga cikinsa. Ki lura kuma lokacin ne gida ya fi hayaniya: ana ɗora tukunya, hayaƙi ya tashi, yara sun dawo daga makarantar allo, ke kin gaji, ɗaki ya ɗauki zafin yini. Ki goya shi tun kafin ya fara, ki yi ta kai da kawo a inuwa. Ki rage masa kaya. Riga ɗaya marar nauyi ta isa, hula da safa a watan Afrilu azaba ce. Ki shafe shi da ruwa mai ɗumi kaɗan. In ya sha ki ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa. Ranar da duk kika yi waɗannan bai yi shiru ba, kika ji ranki ya fara ɓaci, ki miƙa wa Inna ko ki kwantar da shi ki fita tsakar gida ki sha iska. Kada ke ko wani ya girgiza shi da ƙarfi don ya yi shiru. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta jure jijjiga, tana iya zubar da jini a ciki.

Maganin da maƙwabciya ta kawo, ki yi mata godiya ki zubar. Babu maganin barci da ya dace da ɗan wata biyu. Irin waɗannan da ake saye a faranti a bakin kasuwa, sun sha rana, ba a san abin da ke ciki ba, mafi yawansu maganin tari ne ko na mura da ke kashe jiki, kuma suna iya danne numfashin jariri. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan maganin ruwa na tari da zazzaɓi mai guba a ciki, ƙodarsu ta daina aiki. Iyayensu neman sauƙi suka yi musu.

Tashi uku ko huɗu da dare a wannan shekarun daidai ne. Jariri kafin wata uku yana barcin awa 14 zuwa 17, amma a gutsure, domin cikinsa ba ya riƙe abin da zai kai shi asuba, kuma bai gama bambance dare da rana ba tukuna. Tsotson dare ma yana ƙara yawan nono. Abin da za ki iya shi ne ki taimaka masa ya gane dare: da rana a bar shi cikin haske da motsin gida, da dare ki ba shi nono a duhu, ba wasa, ba hira, ba haska masa fitilar waya a fuska. Abin da na fi damuwa da shi shi ne yadda yake kwanciya. A rigingine, kullum, ba rub da ciki ba. A kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tulin zannuwa kusa da fuskarsa. In tare kuke kwana, kamar yadda yawancinmu muke yi, ya kasance a gefenki ba tsakaninki da maigida ba, kuma kada a kwantar da wani yaro kusa da shi. Turaren wuta da hayaƙin maganin sauro a nisanta su da shi, na san maijego da turare ba a raba su, amma ki turara ɗakin yana waje. Ko a tsakar gida kuke kwana saboda zafi, a ɗaura sange. In damina ta sauka, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, masu raba maganin rigakafin masassarar cizon sauro za su zo gida-gida wata-wata, suna ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Kafin lokacin ya isa karɓa. Na yini uku ne kowane zagaye, ki cika masa na biyu da na uku da za su bar miki.

Hakin wuya kuwa, Allah ya saka wa maigidanki da alheri da ya hana, kuma ya tsaya a kan bakansa. Wannan ɗan naman halitta ne, kowa da shi aka haife shi, ba ya girma ya toshe maƙogwaro, ba shi ke sa tumbuɗi ba. Tumbuɗi daga bakin ciki yake, wanda bai gama ƙarfin rufewa ba. Yana raguwa in yaro ya fara zama, ya ɓace wajen shekara. Yaron da ke tumbuɗi yana ƙiba, wanki kawai ya ƙara miki. Ina girmama wanzamai, sana'ar gado ce, su suka yi wa ƴaƴana askin suna. Amma na karɓi jarirai da aka kawo bayan cire hakin wuya, wani jini ya ƙi tsayawa, wani ciwon ya hana shi kama nono kwana da kwanaki, wani ƙarfen ya sa masa cuta. Ban taɓa karɓar wanda barin hakin wuya ya kawo shi ba. Aman da ke tashi da ƙarfi kamar an watsa bayan kowane sha, ko mai launin kore, wannan dabam ne, na likita ne ba na aska ba.

Ɗan faccalarki Allah ya raya shi, amma ba shi ne ma'aunin naki ba. Ma'aunin naki shi ne layin nauyinsa da ke cikin karnensa na awo, in yana hawa wata bayan wata. Murmushi da bin mutum da ido a wata biyu, su ne abin da nake nema, kuma yana yi. Wuya yana tsayawa sosai a wata uku zuwa huɗu. Hukumar lafiya ta duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, har da Gana, ta fitar da sakamako a 2006: wani ya zauna da kansa kafin ya cika wata huɗu, wani sai da ya wuce wata tara, wani ya taka shi kaɗai a wata takwas, wani sai wajen wata goma sha bakwai, kaɗan ma ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe. Duka lafiyayyu. Kada ki yarda a zaunar da shi a kwano ko a tokare shi da tsummoki wuyansa na lilo. In yana farke kina kusa, ki kifa shi a kan ƙirjinki ko a tabarma na ɗan lokaci, zai riƙa ɗaga kai, da haka wuyan ke ƙarfi.

Akwai wata magana a wasiƙarki da ta fi tsaya mini a rai, inda kika ce ko ɗaukarsa a gaban Inna nauyi kike ji. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, da ita aka rene mu, ni har yau ba na kiran sunan ta farina. Ba zan ce ki yar da ita ba. Amma ki san iyakarta. Kada kunya ta sa yana neman nono ki jira sai baƙi sun tashi. Ki ɗauke shi ki shiga ɗaki. Kada ta sa ki ga alamar ciwo ki yi shiru don kada a ce kin cika son ɗa. Kuma in kun kaɗaita, ke da shi, ki sauke ta gaba ɗaya. Ki dube shi cikin ido yana sha. Ki yi masa magana, ki gaya masa abin da kike yi, in ya yi gwaranci ki amsa masa, ki jira ya sake. Jariri yana gane muryar uwarsa tun daga haihuwa, kuma daga wannan amsa-amsar yake koyon harshe da natsuwa. Ba abin wasan da za a sayo a Kasuwar Dole da zai yi masa abin da fuskarki ke yi. Sunansa ki sakaya yadda al'ada ta ce, amma kada ki sakaya masa fuskarki.

Inna kuma ba abokiyar gabarki ba ce. Da ta ce ta haifi tara ta rene su da ruwa, gaskiya ta faɗa. Ba na ce ki tambaye ta ba, kuma kada ki kuskura, amma ni da na zauna da tsofaffi da yawa na san in hira ta yi nisa sukan lissafa waɗanda suka koma, na wata uku, na wata bakwai, da zawo, da masassara, da ƙyanda. Tsohuwar da ke ɗura wa jikanta bauri sau da yawa wani take tunawa. Tsoronta da naki ɗaya ne. Saboda haka ba ke za ki yi gardama da ita ba. Bakinki bai kai nan ba, kuma in kin yi nasara a magana kin yi asarar mai riƙe miki yaro. Ɗanta ne zai yi mata magana, cikin ladabi, su biyu. A jiharmu ta Damagaram aka fara makarantun mazaje, tun 2008 ake gudanar da su tare da asusun UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar mata da yara, daga nan abin ya bazu zuwa wasu jihohi da ƙasashe. An yi haka ne don an gane cewa ana koya wa matar da ba ita ke yanke hukunci a gida ba. Mijin da ya iya hana wanzami ranar suna zai iya wannan. Kuma kada a karɓe wa Inna aiki a bar ta hannu rabbana. Wanka nata ne, shafa mai nata ne, goyon yamma nata ne. A roƙe ta ta ɗauki nauyin ciyar da ke: ita za ta dama miki kunu, ita za ta tsare ki sai kin shanye. Ga wata hujja da tsofaffi ke saurara: macen da ke ba da nono zalla dare da rana, jinin al'ada bai dawo mata ba, yaro bai kai wata shida ba, da wuya ta yi ciki. Da zarar an fara cika cikin yaro da ruwa da kunu, wannan kariya ta raunana. Babu kakar da ke son kwanika a gidanta. Ke kuma ki tambayi unguwarzoma hanyoyin hutu tun kafin wata shidan ya cika. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, likitoci ma a nan suka tsaya.

Kunu yana nan zuwa, ranar da ya cika wata shida, kuma a ranar a ba Inna cokali ta fara. Ya zama mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, na gero da aka haɗa da garin ƙuli-ƙuli ko wake, da ɗan mai, daga baya ƙwai, hanta, garin zogale, dakakken kifi. Tsararon kunu cika ciki ne kawai. A lokacin zai fara shan ruwa, tafasasshe, a kofi mai tsabta. Ki nemi a koya miki awon damtse da ɗan zaren nan mai launi uku. A gundumarku ta Mirya ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka nuna cewa uwa, ko ba ta yi boko ba, tana iya gano tamowa a jikin ɗanta da shi. Kore lafiya, rawaya a kula, ja a tafi likita a ranar. Haƙori kuma in ya fara fitowa kada a ɗora masa laifin zawo a zauna gida.

Ke ma ina da tambaya a kanki. Kukan da kike shiga ɗaki kina yi, in na gajiya ne da rashin barci, to ki kwanta duk lokacin da ya kwanta da rana, ko wanke-wanke bai ƙare ba. Amma in kullum ne, abinci ya fita ranki, ba kya jin daɗin komai har da shi yaron, ko wani mugun tunani na zo miki, wannan ciwo ne da ke kama masu jego, ba rashin godiya ba ne, ba kuma aljanu ba. Ki gaya wa unguwarzoma da wani naki da kika yarda da shi. Sannan tun da kin yi wankan jego kin sha kunun kanwa, ki kula da jikinki: kumburin ƙafa, haki in kin ɗan yi tafiya, tari ko toshewar numfashi in kin kwanta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana ciwon zuciyar da ke kama mata a watannin bayan haihuwa, suka danganta yawansa a ƙasar Hausa da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. In kin ga ɗaya daga ciki, kada ki jira.

Shi kuma yaron, akwai abubuwan da ba a kwana da su, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. In ya ƙi nono sam. In jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau. Zazzaɓi a ɗan ƙasa da wata uku ba a ba shi magani a gida. In numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki in ya ja iska. In ya yi taune-taune ko sanƙarewa. In ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, ko zawo ya zo kamar ruwa, ko da jini. Kashi mai laushi rawaya sau da yawa a yini ba zawo ba ne ga mai shan nono, haka ma in ya yi kwana biyu ko uku bai yi ba alhali yana sha yana wasa. Tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likitocin gwamnati. Na san sau da yawa magani yakan yanke a rubuta wa mutum ya sayo, don haka ku ɗan ajiye wani abu a gefe saboda irin wannan rana, amma rashin kuɗi a hannu kada ya hana ku fita. Ku fara da likitar unguwa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku cibiyar uwa da yaro ko babban asibitin ƙasa na nan Damagaram.

Kwanansa 68, wato jibi ya cika mako goma, ranar allurarsa ta biyu ke nan, ta uku kuma a mako goma sha huɗu. Kada ki tsallake ko ɗaya. Cikin abin da take karewa har da mashaƙo, wanda ya ɓulla a Matamaye a 2023 ya ci yara, da tarin shiƙa. Zai iya ɗan yin zafin jiki da ƙorafi a daren, ki yawaita ba shi nono, ki tambaye su abin da za ki yi in ya wuce haka. Ki roƙi Inna ta raka ki, ki ce nauyin goyo da layi ya yi miki yawa ke kaɗai. In an zo awo ki ja baya, ki bar ta ta kwance shi daga bayanta ta ɗora shi a sikeli da hannunta, ma'aikaciya ta faɗa mata kilonsa na haihuwa da na yau. Ki sanar da ma'aikaciyar tun da wuri, a asirce, cewa ana ba shi ruwa da bauri, don ta yi wa Inna bayani da bakinta, babba da babba. Ki rubuto mini abin da sikelin ya nuna.